Injin da Auta Ya Kafa wa Baba

Tun Auta yana rarrafe yake ganin ƙafafun mahaifinsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Garejinsu a jikin gida yake, rumfar kwano ce da daɓen siminti wanda baƙin mai ya rine. Yanzu Baba ya tsufa, baya ya ƙage. In ya kwanta a kan kwali ya gama gyara, sai Auta ya kamo hannunsa ya tashe shi.

"Baba, ka huta mana. Ai na isa in riƙe wurin nan."

"In huta in yi me? In zauna ina taya uwarka gulmar maƙwabta?"

Da Auta ya ga tsohon ba zai ajiye sifana ba, sai ya ƙudurta sayo masa injin ɗaga mota, irin mai ginshiƙai biyu, wanda mutum ke shiga ƙarƙashin mota ya yi aiki a tsaye. Ya samu na hannu a wani babban gareji da ya tashi. Lokacin Baba ya yi tafiya dubo ƙanwarsa, Auta kuwa so yake ya dawo ya tarar da abin a tsaye.

Ya kira mai haɗa irin wannan inji. Mutumin ya huda daɓen, ya zura yatsa a ramin, ya girgiza kai.

"Wannan ɓawon ƙwai ne, ɗan'uwa. Sai an fasa, an haƙa, an shimfiɗa rodi, an zuba kankare mai kauri, sannan a bar shi ya yi makonni yana bushewa."

"Makonni gareji a rufe? Daɓen nan ya girme ni, bai taɓa tsagewa ba."

"Bai taɓa riƙe mota a sama ba. Ginshiƙi ke ɗauke da mota, kusoshi ke riƙe ginshiƙi, ƙasa ke riƙe kusoshi. In ka ƙi, ba da hannuna ba."

Ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Auta ya bi shi da tsaki. A ganinsa jan aiki kawai mutumin ke so. Shi da aka haifa cikin ƙarafa, ɗaure noti ne zai gagare shi? Ya sayo dogayen kusoshi, ya kafa ginshiƙan da kansa.

Ranar da Baba ya dawo, ya tsaya ƙarƙashin wata ƙaramar mota yana ɗaga kai kamar baƙo a birni.

"Ashe haka cikin mota yake in mutum yana tsaye. Allah ya yi maka albarka, Auta." Sai ya buga ƙafa a ƙasa. "Mai aikin ya duba daɓen?"

"Ya duba, Baba."

Bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye sauran maganar.

Aiki ya ci gaba lafiya, ƙananan motoci na hawa suna sauka. Wata safiya Inna, mahaifiyar Auta, tana share bakin garejin, ta nuna masa wata siririyar tsaga a gindin ginshiƙin hagu. Auta ya kwaɓa siminti ya shafe ta. Notin wurin kuma kullum sai ya same shi a sake. Yakan ƙara ɗaurewa, ya ce a ransa, in aiki ya yi sauƙi zai gyara.

Aiki bai yi sauƙi ba. Wata rana da hantsi aka kawo motar kaya, bayanta cike da buhunan siminti. Direban yana sauri, ya ce ba shi da masu sauke kaya, ƙaramin gyara ne kawai. Auta ya danna maɓallin injin. Injin ya yi nishi ya ɗaga ta. Baba ya shiga ƙarƙashi.

"Miƙo min fitila, idon ba ya gani sosai."

Auta ya juya zai ɗauko. Sai ya ji wata ƙara a bayansa kamar an tsaga itace. Kafin ya waiwaya, ginshiƙin ya tumɓuko da kusoshinsa da gutsuren daɓe, motar ta rufto.

Maƙwabta suka zo da jak na ɗaga mota da katakai. Da ƙyar aka zaro Baba, ƙirjinsa ya lotsa. Yana numfashi sama-sama har bakin asibiti, a nan rai ya yi halinsa.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa, "Ƙaddara ce, ka yi haƙuri." Kowace kalma tana sukar Auta kamar allura. Da mutane suka watse, ya durƙusa a gaban Inna, ya faɗa mata abin da mai haɗa injin ya ce, da abin da shi ya yi.

Inna ta dube shi.

"Ashe an gaya maka."

"An gaya mini, Inna."

Ba ta yi masa baki ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Garejin yana rufe har yau. Auta yana aiki a wurin wani, kuma duk sa'ad da aka ɗaga mota, sai ya fita waje ya tsaya har a sauke ta.

Mai karatu, injin da zai ɗaga nauyi a kan ɗan Adam ba a kafa shi da "ai na iya". Ka bari masanin aikin ya gwada ƙasa, ka bi abin da ya ce, kada ka ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa. Gargaɗin da ka ji ka take, wataƙila ba kai zai faɗa wa ba, wanda ka fi so ne zai biya.