Ganyen Kwakwa a Hanyar Rijiya

Ranar Talata, tara ga watan Maris na 1954, da ƙarfe biyu da kwata na rana, wasu mutum bakwai masu koren shanu zuwa kurmi suka tsaya a bakin wani ƙauye da ba su san sunansa ba. An san lokacin ne domin madugunsu yana da agogon aljihu, kuma duk inda ya tsaya sai ya ciro shi ya duba. Rabonsu da ruwa tun yammacin Litinin. Daga inda suke suna hango rijiya a gindin wata bishiya, amma an gitta igiya a kan hanyar, an ɗaɗɗaura mata ɗanyen ganyen kwakwar manja. A bayan igiyar wata tsohuwa ce zaune a kan turmi. Da ta gan su sai ta miƙe tana ihu da harshen ƙasar, ta shiga jifansu da hoge.

Madugun ya bi hanyar nan sau goma sha ɗaya, amma kullum a zango yake sauka cikin 'yan'uwansa, bai taɓa sa hannu a akushin ɗan ƙasa ba. Ya ce yau dai halin mutanen nan ya fito fili, don a garinsu ko wanda ya kashe ubanka ne ya roƙi ruwa, sai ka ba shi. To a cikin ayarin akwai wani baduku da ya yi shekara tara zaune a wani ƙauye na ƙasar, yana ɗinka musu jaka da kube. A can ya taɓa kwanciya ciwo suka yi jiyyarsa, ya ci abincin bikinsu, ya zauna makokinsu. Shi ne ya ce ba a ɗaura wannan ganye a kan hanya sai mutuwa ta shiga wuri, kuma tsohuwar ba rowa take yi ba, gargaɗi take yi. Ya roƙe su su daure zuwa rafin da ke gaba, tafiyar awa huɗu.

Madugu ya yi dariya da busasshen leɓe. “Malam baduku, shekara tara kana cin doyarsu, abin da ka koyo ke nan, tsoron ganye?”

Ya zare wuƙa ya yanke igiyar. Nan take tsohuwar ta daina jifa, ta ɗora hannu biyu a ka. Madugu ya ce kun gani, ta yi laushi. Baduku kuwa ya san haka matan ƙasar suke yi idan an fito da gawa. Mutum biyar suka sha har suka jiƙa rigunansu, suka cika goruna. Baduku bai sha ba, shi da wani Bafillace mai shiru-shiru wanda ya tsaya yana duban fuskar tsohuwar, sannan ya mayar da gorarsa kafaɗa. Baduku ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta da harshenta. Ta ce masa amai da gudawa ne, sun binne talatin da ɗaya, biyu daga ciki ita ta haife su, kuma yau kwananta takwas a kan turmin nan don kada baƙo ya sha.

Ciwon ya kama su ranar Alhamis, a gefen wani ƙauye na gaba. Mutanen ƙauyen ba su kore su ba. Suka kawo tukwane da itace, suka riƙa ajiye dafaffen ruwa a inda baduku zai ɗauka. Da aka fara mutuwa, mazajensu suka zo da fartanya suka tambaye shi ta ina mutanensa suke son a fuskantar da mamaci. Ya nuna musu gabas, suka haƙa yadda ya nuna, ba su yi gardama ba. Madugu ne na ƙarshe. Ranar Asabar da la'asar ya kira baduku, murya ta riga ta shige, ya tambaye shi me matar nan take faɗa lokacin da take jifansu.

“Cewa take, 'ya'yana ku koma, 'ya'yana ku koma.”

Madugu ya juya fuskarsa wajen kabarin da aka riga aka haƙa masa.

Kai da kake ce mini ka san mutanen nan domin ka sha ratsa garuruwansu a mota, ka lura da kyau. Madugu da baduku hanya ɗaya suka taka, ƙafar madugu ma ta fi cin ƙasa. Amma shi wucewa ya yi ta yi, ɗayan kuwa ya zauna har aka yi kuka a gabansa.

Ga waɗanda suka rage: baduku, Bafillacen, wani ɗan Gobir guda cikin biyar ɗin da suka sha, wanda ya tashi amma bai ƙara iya doguwar tafiya ba, shanu talatin da takwas, da agogon, wanda baduku ya kai wa matar madugu bayan wata biyu, agogon ya riga ya tsaya don ba wanda ya tuna ya murɗa shi. Tsohuwar kuwa, da suka biyo ta ƙauyen a kan hanyar dawowa, sun tarar an sake ɗaura igiyar, turmin yana nan, ba kowa a kansa.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.