Dattijo Ya Ƙi Fitowa

Motar kashe gobara tana zagaya unguwa tana shela: wutar daji ta tsallako titi, kowa ya fita.

Tela dai ya shafa wa gemunsa ruwa tun da wuri. Mota cike da mai, hancinta na kallon ƙofa. Jakar magunguna da takardu da tocila tana ciki, matarsa da yara sun ɗaure hanci da jiƙaƙƙen tsumma. Saura Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta riƙe murfin mota ta kafe.

"Ina Dattijo? Wallahi ƙafata ƙafarsa."

Kai, Dattijo! Ya girmi kowa a gidan. Tun Kaka tana amarya suke tare, kuma ba a taɓa jin kansu ba, don ita ke surutun, shi ke sauraro. Ba ya cin komai sai ganye. Ba ya sauri ko da sama za ta faɗo. In hayaniya ta yi yawa, sai ya sulale lungu ya share kowa.

Tela ya koma ciki da gudu. Ɗakin Kaka wayam. Kicin wayam. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, toka na sauka a kan shanya, tsoro ya kama shi sosai. Matarsa ta danne hon tana ihu, "Baban yara, bishiyar maƙwabta ta kama!"

A bayan tankin ruwa Tela ya sami Dattijo, kwance cikin sanyi, hankalinsa kwance. Tela ya yi magiya, Dattijo ko ɗago kai bai yi ba. Haushi ya ci Tela, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, ya sunkuce shi yana tari yana mita har mota.

Da ƙyar suka sha.

Washegari, a makarantar da aka sauke su, labari ya iso: layinsu ya ƙone ƙurmus, har keken ɗinkin Tela. Ya zauna ya yi tagumi. Kaka ta share hawaye da gefen zane, sai kuma dariya ta kuɓuce mata.

"Ka gama zaginsa? To duba, duk unguwar nan shi kaɗai ya tsira da gidansa."

Ta ƙwanƙwasa bayan Dattijo, kunkurun ya leƙo da kai ya ci gaba da cin latas ɗinsa.