Sau Arba'in da Uku

"Cire kujerarsa," in ji tsohon mai gyaran agogo. "Saura kwana shida biki, bai amsa ba."

Ƙaninsa yake nufi, wanda suka shekara goma sha ɗaya ba ko sallama, a kan maganar da kowa ya manta farkonta.

'Yarsa, amaryar, ta ture ƙananan sukurori gefe, ta ajiye kwamfuta a teburinsa. Ita kaɗai ta gina shafin bikinta a intanet, da taswirar hanya, da jerin kujeru, da hotunan dangi. Yarinyar nan tana ba shi mamaki: ta gina gida ba bulo ba siminti, kuma kowane baƙo da ƙofarsa.

"Baba, gajen haƙuri gare ka. Ko agogo ai jiransa kake ya buga."

"Ke, kar ki koya mini sana'ata. Ko leƙawa bai yi ba."

"Shafin yana nuna mini duk wanda ya shigo. Baffa ya shigo sau arba'in da uku."

"Ranar ce bai gane ba?"

"Bai taɓa duba rana ba. Wuri ɗaya yake tsayawa."

Ta danna. Wani tsohon hoto ya bayyana: yara biyu a kan keke ɗaya, babban yana tuƙi, ƙaramin ya ƙanƙame shi ta baya, ido a rufe.

Tsohon ya daɗe yana kallo, agogunan bango suna ta bugawa.

"Miƙo mini takalmina," ya ce. "Har yanzu gidansa na nan bayan tasha?"