Buta a Kan Teku

Tun da teku ta haɗiye tsohuwar Ikko, ba a barin kowa ya shiga sai a jirgin 'yan yawon buɗe ido. Dole Baba Ilu ya yanki tikiti, ya zauna cikin baƙi masu ɗaukar hoto, da butarsa a cinya.

"Ɗana," ya ce da matuƙin, "in mun kai maƙabartar unguwarmu ka tsaya. Matata Asabe tana can."

Da suka wuce wata hasumiya da kanta kaɗai ya rage a waje, matuƙin ya kashe inji. "Nan ne, Baba. Minti ɗaya doka ta ba ni."

Ko'ina ruwa ne, iri ɗaya. Baba Ilu ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. A da, duk Juma'a yakan yayyafa wa kabarinta ruwa. Sai da ya ɗaga butar ya gane abin da ya ɗauko wa teku.

Wata baƙuwa ta yi dariya, ta saita kyamara.

Ya tsiyaye ruwan duka. "Na rijiya ne, Asabe," ya ce. "Babu gishiri."