Inabin da Ba a San Ubansa ba

"Mma, inabi ma yana zama shege?"

'Yata ce ta yi tambayar a tsakar gida, a gaban yayan mijina da ke wasa adda. Na ajiye ludayi.

Inabin nan shi ne abin alfaharin gidansu a Salaga. Sun ce kakansu, falken goro, daga Madina ya zo da reshensa. Bara wasu masu bincike suka tsinki ganyensa, wai ƙwayoyin halittarsa za su nuna danginsa. Yau ɗayansu ya dawo da amsa: uwar inabin irin ƙasar Larabawa ce, amma ubansa bai dace da kowane irin da suka sani ba.

"Ashe shege muke yi wa ban ruwa," in ji Yaya, idonsa a kan yarinyar. Da ni da 'yata yake, domin ni ma ba a san ubana ba: a tashar Bawku aka tsince ni ina jaririya.

"Ku da wa?" na ce. "Yaya, yaushe ka taɓa ɗaukar bokiti?"

"Matsa, 'yar tsintuwa, in sare shi."

Na jawo 'yata muka zauna a gindinsa, na tsinko mata ɗaya.

"Ci, ki gaya wa Baffanki ko zaƙin ya ragu daga jiya zuwa yau."

Ta tauna, ta miƙa masa hannu. "Baffa, tsinko mini na sama."

Ya tsaya da adda, ya rasa inda zai sara.

Kai ma mai karatu, kada ka kuskura ka zo tambayar asalin 'yata. Ni za ka fara tararwa.