Marowaciya

Wayar Hudaifa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba saƙon: an kunna firiza. Ya yi tsaki, ya tura umarni, ya kashe ta daga inda yake zaune, a barandar gidan kawunsa a unguwar Kilomita Biyar, cikin birnin Bangui.

"Baba ne, Inna. Ya sake kunnawa."

"Alhamdu lillahi," in ji Rahamatu. "Mai taurin kai yana nan da ransa."

Na'urar da ta aiko saƙon ita ce aikinsa na kammala karatun injiniya. Akwatin roba ne da bai fi kwanon sha ba, cike da tarkacen da ya tsinto a rumfunan masu gyaran waya, da layin waya guda a ciki. Ya haɗa ta a gidansu na unguwar Miskine, tsakanin farantin sola da batir da kayan wuta. In batir ya yi ƙasa, ta yanke abin da ya fi cin wuta, ta bar fitila da wajen cajin waya. In wani ya kunna abu da hannu, ta aiko masa da saƙo. Malamansa ba su taɓa ganinta ba, don an rufe jami'a kafin ranar gwaji.

Ubansa Malam Badaru ƙanƙara yake sayarwa. Yana da doguwar firiza a shagon ƙofar gida, yana ji da ita kamar 'yar fari. Shi ya raɗa wa na'urar suna Marowaciya. Ta kashe, ya kunna, ta kashe, ya kunna yana zaginta da Hausa da Sango, yaren ƙasar.

Da harbe-harbe suka iso Miskine, kowa ya kwashi abin da hannu zai ɗauka. Malam Badaru ya ce shi kam ba inda za shi, ba zai bar wa ɓarayi gidan da ya gina ba. Ya tura matarsa da ɗansa, ya ja ƙofa. Washegari wayarsa ta daina shiga.

Tafiyar daga Kilomita Biyar zuwa Miskine ba ta da nisa, amma wanda duk ya gwada tsallakawa a kwanakin nan bai dawo ya ba da labari ba. Saƙonnin Marowaciya kaɗai ke ƙetarowa, su ne abincin Rahamatu. Manyan motoci suka yi ta lodin mutane zuwa Kamaru, ta ce ba za ta hau ba, mijinta na nan.

Hudaifa kuwa, da yake ɗan boko ne, komai yana da bayani a wurinsa. Ba a kunna rediyo ba ko sau ɗaya? Ai mai ɓuya ba ya son ƙara. Butar lantarki ba ta aiki da asuba? Tsoho ya koma alwala da ruwan sanyi. Wayar ubansa ce kawai ta dame shi. Ya tabbata caji ne ya ƙare, kuma firizar banza ce ke shanye batir, a garin da ba mai sayen ƙanƙara.

Sai hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, wutar gari kuma ta ɗauke ɗungurungum. Batir ya yi ƙasa ƙwarai. Hudaifa ya tura umarnin da ya fi alfahari da shi, wanda ya kwana biyu yana gyarawa a ɗakin gwaji: kulle. Daga nan ko an danna maɓalli da hannu, firiza ba za ta tashi ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa. An danna, an hana. An danna, an hana. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ka bar masa abinsa mana," in ji Rahamatu.

"Gata nake yi masa, Inna. Yanzu zai samu cajin waya, ki ji muryarsa."

Wayar ba ta shiga ba. Dannawar ta yi ta raguwa, har aka daina.

Ranar da sojojin kiyaye zaman lafiya suka yarda su raka mutane su duba gidajensu, Hudaifa ne kan gaba, da ledar burodi da shayi. Layinsu duk an kwashe rufi da ƙofofi, gidansu kaɗai ke tsaye. Akwai wari, amma a lokacin ko'ina a Bangui akwai wari. An cusa tsummoki a ƙasan ƙofar shago.

A dakalin ƙofa ya tarar da Maman Solanj, tsohuwar maƙwabciyarsu Kirista, wadda ta goya shi yana jariri. Ta rame, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Ta riƙe hannunsa ta fara magana da Sango, ko gaisuwa babu.

"Ɗana, na yi iya ƙoƙarina. Akwai wani mugun abu a bangon nan. In kunna, ya kashe. In kunna, ya kashe. Daga baya ya ƙi ni sam. Na danna har yatsana ya kumbura."

Ashe ita ce ke dannawa. Hudaifa ya yi murmushin alfahari. Ga shaidar da malamansa ba su samu gani ba.

"Ni ne, Maman. Ni na ƙera shi, ni na kulle daga can. Ina Baba?"

Ta saki hannunsa. Ta dube shi, ta dubi ƙofar shagon.

"Washegarin tafiyarku suka harbe shi a nan. Hanyar maƙabartarku a rufe take, ni kuma ban iya wankan gawarku ba, shi ya sa na sa shi a firiza ya jira ku."