Husumiyar da Aka Hau Babu Shela

Tanimu, ni na koya maka riƙe alli, don haka kujerar majalisa ba za ta hana ni gaya maka gaskiya ba. Ka ce baƙi za su ba mu na'urar sauraren wayoyin mutane domin tsaronmu, kuma za ka ɗaga hannu a amince. Saurari wannan tukuna.

An yi wani gari da ɓarayin shanu suka addaba. Sai mai mulkin tsallaken kogi ya aiko cewa zai gina musu husumiya kyauta, har da madubin hangen nesa, in dai mai gadi zai riƙa aika masa labarin duk abin da ya hango. Mai gari ya amince, bai shawarci kowa ba. Aka kira maginin da ya fi kowa iya aiki. A garin nan, magini ba ya hawa bango sai ya yi shela sau uku: "Za a hau sama, a kimtsa!" domin matan da ke tsakar gida su suturta jikinsu. Kwana arba'in yana wannan shela har ginin ya ƙare. Da ya miƙa wa mai gadi tsani, ya tuna masa al'adar. Mai gadi ya yi dariya ya ce, "Haba baba, in na yi shela me zan gani?" Tun daga ranar, mai jego ta koma wanka a cikin ɗaki, tsofaffi suka daina zama ƙofar gida, maƙwabci ya ji tsoron leƙa maƙwabcinsa ko da cuta ta kwantar da shi. Shanu kuwa ba a fasa kora su ba, don madubin bai taɓa fuskantar daji ba.

Ana nan sai wani mutum ya gudo daga tsallake, bayansa duk tabon bulala, ya faɗi a zauren maginin. Magini ya ba shi ruwa da tabarma, bai tambaye shi laifinsa ba. Daga sama mai gadi ya lura cewa akushi biyu ake fitowa da su zaure maimakon ɗaya, sai ya aika labari tsallake. Kwana uku tsakani, dogaran mai gari suka ɗaure baƙon suka sa shi a kwalekwale, suka haɗa da maginin. Ba alƙali, ba shaida. Damina biyu matar maginin tana zuwa fada, ana ce mata ba a san da maganar ba. Daga ƙarshe rigarsa kaɗai aka maido mata, da laka busasshiya a hannun rigar.

To Tanimu, akwai irin matar nan a mazaɓarka, ka je ka nemi gidajensu. Abin da nake nema a wurinku a fili yake: a faɗi inda aka kai mutanensu, a kai mai laifi gaban alƙali, marar laifi a sake shi a kuma nemi gafararsa a bainar jama'a. Kada ka ce mini laifin baƙi ne. Mai mulkin tsallake ko ƙafarsa bai jiƙa a kogin nan ba. Da ɗan gari akan ci gari.